Ƙafar sa, fiffiken kaza da babin da ake tsallakewa

Ranar wata Laraba 'yata ta dawo daga makaranta tana dariya ita kaɗai. Tana ajin ƙarshe na sakandare, WAEC da NECO na gabanta, kuma tun tana ƙarama ta ƙwallafa rai a kan likitanci. Na ce mata lafiya? Ta ce, "Baba, yau fa malamin bayoloji ya zo kan babin juyin halitta. Sai ya rufe littafin ya ce, wannan ku haddace don jarrabawa, kuna fitowa ku zubar da shi a bakin ƙofa." Ko minti goma ba a yi ba, in ji ta, suka koma kan tambayoyin shekarun baya.

Ban ga laifin malamin sosai ba, domin ya san garin da yake. Kalma ɗaya ta fita daga aji a karkace, kafin la'asar ta zama "ga wani can yana koya wa yara wai kakansu biri ne", kuma babu mai makarantar da zai tsaya masa. Na ba wani abokin aikina da ke zaune a Sabon Tasha, can tsallaken kogin Kaduna, labarin, ya kwashe da dariya ya ce ai haka aka yi a makarantar ɗansa, sai dai can da sunan coci aka yi. Duk abubuwan da suka raba tsallaken kogin nan da wancan, ashe akwai babi guda a littafin bayoloji da ya haɗa kanmu wajen jin tsoronsa.

Ni dai ina ganin wannan tsallakewar cuta ce muke yi wa yaranmu. Kuskuren ma tun daga mafari yake. Ana buɗe babin da hoton Darwin, Baturen Ingilan da ya shahara da ra'ayin cewa halittu sun sauya sannu a hankali daga kaka ɗaya, da gemunsa, da jerin birrai suna miƙewa tsaye ɗaya bayan ɗaya, alhali abin da ya kamata a fara da shi yana cikin tukunyar kowane gida.

Ranar Asabar na je mayankar Tudun Wada na sayi ƙafar sa. Mahaucin ya ɗaga gatari ya ce, "Alhaji, a sassara?" Na ce ya sassara sauran, amma ya bar mini ƙafar gaba guda ɗaya yadda take. Ya dube ni da kyau ya ce, "Magani za a haɗa ke nan?" Na ce kusan haka. A gida aka yi farfesu, aka kuma soya kaza, na roƙi uwargida kada a zubar da ƙashi ko ɗaya. Bayan an ci an sha muka wanke su muka jera a kan tire.

Muka fara da fiffiken kaza. Sashen da ke manne da jiki ƙashi ɗaya ne mai kauri. Na tsakiya, wanda yara ke raba shi biyu su tsotse naman da ke tsakani, ƙasusuwa biyu ne a jere. Daga nan sai ɗan tsinin ƙarshe mai ƙananan ƙasusuwa da suka manne da juna, ragowar yatsu uku. Na ce mata ta taɓa nata hannun. Damtse ƙashi ɗaya. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa guda biyu, shi ya sa tafin hannu ke iya kifewa ya kuma juyo. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8, tafi 5, yatsu 14, jimilla 27. Ɗaya, biyu, tarin ƙanana, sai yatsu. Ta maimaita lissafin sau biyu tana duban fiffiken, ta yi shiru.

Ƙafar san ce ta fi ba ta mamaki, ni ma haka, duk da na fi shekara arba'in ina cin ta. Dogon ƙashin da ke sama da kofato, in ka kankare shi tas, za ka ga wani ɗan kwari ya ratsa tsakiyarsa daga sama har ƙasa, kamar an ɗinke abu biyu. Can ƙasa kuma sai ya rabu gida biyu, kowane gida da nasa jerin gaɓoɓi har zuwa kofato. Ƙasusuwan tafin hannu ne guda biyu, na yatsa na uku da na huɗu, suka haɗe suka zama sanda ɗaya. Wato sa a kan yatsu biyu yake tsaye, kofatonsa kuma farce ne. 'Yan ƙananan kofatai biyun nan da ke maƙale a baya, waɗanda ba sa taɓa ƙasa, ragowar wasu yatsun biyu ne. Akuya da tunkiya duk haka suke. Abin da muke kira gwiwar sa a ƙafar gaba kuwa, inda mahauci ke yankewa, wuyan hannu ne. Ainihin gwiwar hannun tana can sama kusa da ƙirji.

Doki ya fi kowa tsananta abin. Duk sukuwar da ake yi a hawan daba a dandalin Murtala, ko hawan sallah a Zariya, a kan yatsa ɗaya tal ake yin ta a kowace ƙafa, na tsakiya, da wasu siraran ƙasusuwa biyu ɓoye a gefe da ba su kai ƙasa ba. Jemage shi kuma akasin haka ya yi: yatsunsa huɗu ne suka yi tsawo kamar ƙarafan lema, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu, babban yatsan ya rage ɗan ƙugiya. Kadan da garin nan ya samo sunansa daga gare shi yana da yatsu biyar a ƙafar gaba, huɗu a ta baya. Aiki daban-daban, wani tashi, wani gudu, wani iyo, wani riƙe alƙalami, amma jerin ƙasusuwan bai sauya ba.

Wannan ba sabon gani ba ne. Tun 1555 wani Bafaranshe, Pierre Belon, ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu gefe da gefe, ya sa wa kowane ƙashi alama ɗaya da takwaransa. Masanin ƙasusuwa na Ingila Richard Owen shi ya tsara bayanin abin a 1843, kuma shi a wurinsa wannan shaida ce ta tsari guda daga Mahalicci guda. Da Darwin ya zo a 1859 ya ce dalilin kamannin shi ne gado daga kaka ɗaya, Owen na cikin manyan waɗanda suka yi ja da shi. Ina kawo wannan ne don masu cewa ai kamannin ba ya nuna komai sai cewa Mai yin ɗaya ne. Maganarsu tana da tarihi, kuma da a ce jerin ƙasusuwa ne kaɗai hujja, da gardamar ta tsaya kunnen doki. Sai dai bayan Owen an tono abubuwa da yawa, daga cikin duwatsu da kuma daga cikin ƙwai.

A ɗauki mesa. Duk mafaraucin da ya taɓa feɗe ta ya san akwai wasu 'yan ƙayoyi biyu kamar farce kusa da inda jelarta ta fara, kuma a ciki suna haɗe da ƙananan ƙasusuwa. Ragowar ƙafafun baya ne a jikin dabbar da ba ta tafiya da ƙafa. Katuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, wadda ke shayar da 'ya'yanta nono duk da siffar kifi da take da ita, in aka buɗe fiffikenta damtse ne da ƙasusuwa biyu da yatsu. A hamadar Masar, a wani kwari da ake kira Wadi al-Hitan, an tono ƙasusuwan kakanninta da 'yan ƙafafun baya har da yatsu. A Pakistan kuma a 2001 aka ba da rahoton samun waɗanda suka fi su tsufa, masu ƙashin idon sawu irin na dangin akuya da saniya. A cikin dabbobin da ke raye yau, dorina ce 'yar'uwarta mafi kusa.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Tiktaalik, wata tsohuwar dabba da aka tono ƙasusuwanta a cikin dutse, saboda yadda aka same ta. Masana sun riga sun san cewa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 380 akwai kifaye masu ƙashi a cikin fiffike, a na wajen miliyan 365 kuma akwai dabbobi masu ƙafafu da yatsu. Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins suka ce in dai maganar gaskiya ce, to a duwatsun da ke tsakanin waɗannan zamunna, waɗanda suka taru a bakin tsofaffin koguna, ya kamata a samu wani abu na tsaka-tsaki. Suka buɗe taswirar duwatsu suka zaɓi tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada, inda ƙanƙara ba ta barin a yi aiki sai 'yan makonni a shekara. Suka yi ta zuwa suna dawowa hannu rabbana, sai a 2004 suka dace. Dabba ce mai shekara kimanin miliyan 375, tana da ɓawon kifi a jiki, amma kanta a baje kamar na kada, tana da wuya, abin da kifi ba shi da shi, a cikin fiffikenta kuma ga ƙashi ɗaya, ga biyu, ga ƙanana. Sun faɗi inda za a same ta da irin siffar da za ta yi kafin su gan ta. Wanda ke shaci-faɗi ba ya iya wannan.

Ba kuma cewa nake komai ya zauna daram ba. Da can ana zaton yatsu biyar ne tun fil azal, sai Jenny Clack da Michael Coates suka nuna a 1990 cewa Acanthostega, wata tsohuwar dabba daga Girinlan, yatsu takwas gare ta, 'yar'uwarta Ichthyostega kuma bakwai a ƙafar baya. A 2010 aka ba da rahoton sawun ƙafafu a wani wurin fasa dutse a Folan waɗanda suka girmi Tiktaalik da miliyoyin shekaru, abin da ya sa dole aka sake lissafin lokacin da ƙafa ta fara bayyana. Masu adawa kan ɗauki irin wannan su ce kun gani, su ma ba su da tabbas. Ni kuwa wannan gyare-gyaren ne ya sa na amince da su, kamar yadda na fi amincewa da ɗan kasuwar da ke kirana ya ce ya yi kuskure a lissafi.

Mu nan ma ba sai mun je Kanada ba, muna da gaiwa. Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san ta: ruwa na janyewa ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina, ta kwanta watanni har damina ta dawo, har ake cewa jikinta take ci. Huhu gare ta, kuma in aka hana ta leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska, mutuwa za ta yi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago suka ɗauki hoton irin gaiwarmu ta Afirka ta Yamma tana takawa a ƙasan ruwa da 'yan siraran fikafikanta na baya, ɗaya bayan ɗaya. A 2021 aka karanta kundin ƙwayoyin gadonta gaba ɗaya, wanda girmansa ya ninka na mutum fiye da sau goma, aka ƙara tabbatar da cewa a duk kifayen da ke raye, danginta ne mafi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu. Ba ita ce kakar kowa ba, 'yar'uwa ce ta nesa da ta riƙe wasu tsofaffin halaye. Turawa na kashe kuɗi su ɗauke ta zuwa ɗakunan bincike, mu kuma ɗalibinmu na bayoloji zai gama sakandare bai taɓa jin sunanta a aji ba.

Wanda zai ce duk wannan labarin dā ne, me ya shafe mu, to ya zo mu shiga ɗakin haihuwa.

A ƙarshen mako na 4 da shigar ciki, wani ɗan tsiro ke ɓullowa a gefen jikin ɗan tayi. Nan da mako biyu ya baje kamar ludayi. Zuwa mako na 8 yatsu sun rabu, kuma yadda suke rabuwa abin al'ajabi ne: ƙwayoyin naman da ke tsakaninsu ne ke mutuwa a kan tsari, kamar yadda tela ke yanke rarar yadi. A ƙafar agwagwa wannan fatar ba ta mutuwa, shi ya sa take da tafin iyo. In aikin bai kammala ba a jikin ɗan Adam, sai a haifi jariri da yatsu a manne. Da yawa daga abin da likitoci suka sani game da wannan, a cikin ƙwan kaza aka fara gano shi. A 1968 John Saunders da abokiyar aikinsa suka ɗebi ɗan nama daga gefen baya na tsiron fiffiken ɗan tsako suka dasa a gefen gaba, sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu suna fuskantar juna kamar a madubi. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke ba da wannan umarni a Jami'ar Harvard. Sunan wani bushiya na wasan kwamfuta aka laƙaba mata, Sonic hedgehog, don su ma masana suna da nasu shirmen. Wannan ƙwayar ita ce ke aiki a ƙafar ɓera, da hannun mutum, da fiffiken kifi. Tana da wani makunni da ke tayar da ita a cikin gaɓa, kuma a jikin macizai makunnin ya lalace. A 2016 aka cire na ɓera aka sa masa na maciji, sai aka haifi ɓerayen da dungulmin ƙafafu. A jikin mutum kuma, ɗan canji a wannan makunnin kan sa a haifi yaro da ƙarin yatsa ta wajen babban yatsa.

Mu da muke da suna na musamman ga mai yatsa shida, Cindo, bai kamata wannan ilimin ya zama baƙo a wurinmu ba. Ƙarin yatsa ta gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma yakan bi jini. Da matar maƙwabcina ta haihu da irin haka, sai da tsofaffin gidan suka kwana suna muhawara a kan ko wani abu uwar ta tsallaka, kafin wata ta ɗauko zare ta ɗaure. Yarinyar da ta fahimci yadda yatsa ke tsirowa za ta iya kwantar wa wannan uwar da hankali da jimla biyu, ta kuma ce a kai shi asibiti a duba ko akwai ƙashi a ciki kafin a ɗaura komai.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. A ƙarshen shekarun 1950 aka sayar wa mata masu laulayi wani magani, talidomaid, a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe da dama. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu ne ba su fito ba sai ɗan guntu. Ɓarnar tana faruwa ne cikin kwanaki ƙalilan, tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki, daidai lokacin da tsiron ke fitowa. A wannan lokacin mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Yanzu a dubi yadda ake shan magani a garin nan: a kemis ba takardar likita, a tashar Kawo daga hannun mai lasifika, a gidan biki daga jakar ƙawa. Wanda zai tsaya a bayan kantar kemis gobe, da wadda za ta yi awon ciki, su ne yaran da aka ce wa su haddace su zubar. Gaskiya ne mutum na iya koyon girman ɗan tayi ba tare da ya karanta juyin halitta ba. Amma dalilin da ya sa gwajin da aka yi a kan kaza da ɓera yake gaya mana wani abu game da jaririn mutum, yana cikin babin nan da aka rufe.

Saura maganar da kowa ke jira, ta addini. Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na karanta tun ina makarantar allo shi ne, a Suratun Nur an ce Allah Ya halicci kowace dabba daga ruwa, wata na tafiya a kan cikinta, wata a kan ƙafa biyu, wata a kan huɗu. A Suratul An'am an ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. A Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Ba ina cewa waɗannan ayoyin Darwin suke nufi ba. Masu irin wannan lanƙwasar suna cutar da tafsiri da kimiyya gaba ɗaya. Abin da nake cewa shi ne an ce mu duba. Kuma babu Musulmin da imaninsa ya girgiza don an gaya masa yadda hadari ke haɗuwa, ko yadda yatsun jariri ke rabuwa a mahaifa. Mun yarda Allah Yana yin abu ta hanyar sababi. Magabatanmu ma ba su ji tsoron ƙashi ba: wajen shekara ta 1200 Abdullaɗif al-Baghdadi ya duba tarin ƙasusuwan waɗanda yunwa ta kashe a Masar, ya ce muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinus, tsohon likitan Girkawa, ya rubuta aka yi ta bi shekaru dubu.

Inda ake cin karo na gaskiya shi ne kan Annabi Adamu, alaihis salam, kuma ba zan yi kamar babu karon ba. Masana kimiyya sun sa mutum a cikin wannan bishiyar ta dangantaka; ba su ce birin da ke daji yau ya rikiɗa ya zama mutum ba, cewa suka yi akwai kaka ɗaya can baya. Mu kuma muna da nassi a kan halittar Adamu, kuma malamai a ƙasashen Musulmi sun yi rubuce-rubuce a kan wannan gaɓar, wasu sun ƙi batun ɗungurungum, wasu sun karɓe shi a kan dabbobi sun keɓe Adamu. Wannan zance ne da ya kamata yaro ya ji daga bakin malaminsa na Islamiyya da ya yi karatu a kai, bayan malamin bayoloji ya gaya masa abin da kimiyya ta ce ba ragi ba ƙari. Abin da muke yi yanzu shi ne kowane ɓangare ya yi gum, sai yaron ya je jami'a ko ya buɗe TikTok ya ci karo da Tiktaalik a bakin wanda zai ce masa, ka ga abin da aka ɓoye maka. A nan ne imani ke shiga haɗari, domin ranar da yaro ya gane an ɓoye masa abu ɗaya, sai ya fara tuhumar sauran.

Abin da nake roƙon ma'aikatar ilimi ta jiha da masu makarantu ba ya buƙatar kwangila. A sa darasin aiki guda ɗaya a zangon: fiffiken kaza, ƙafar akuya, hoton ƙashin hannu daga asibiti, gaiwa in an samu. A bar yara su ƙirga da kansu. Shugaban makaranta kuma ya sanar da iyaye tun kafin ranar, ya tsaya a bayan malaminsa in magana ta taso.

Da safiyar Litinin na ga 'yata tana cusa wani abu a leda cikin jakar makaranta. Ƙashin san ne, ta shanya shi a kan katanga ya bushe. Na ce ina za ki da shi? Ta ce za ta nuna wa malam ɗinkin da ke tsakiya, a ofis, ba a gaban 'yan aji ba. Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce in dai an gama karatun, a dawo mata da tirenta.